Malami Jagoran Malamai: Abin da Ke Tsayar da Aikin da Abin da Ke Rusa Shi

Shugaban makarantar da ke da malamai 40, in ya ƙudurta zai shiga ajin kowannensu sau ɗaya a zango, ya zauna minti 40 yana kallo, sannan ya ware rabin sa'a su tattauna abin da ya gani, to sai ya kashe kusan sa'a 47 a wannan kaɗai. Ga iyaye suna jira a ofis, ga takardun hukuma, ga batun kuɗi da gini da ladabtarwa. Kuma ko ya cije ya cika alkawarin, shiga aji sau ɗaya a wata uku ba ta sauya yadda mutum yake koyarwa. Wannan lissafin ne ya sa ba makawa wasu daga cikin malamai su ɗauki wani kaso na jagoranci: shugaban sashe, mai rainon sababbin malamai, mai kula da rukunin ajujuwa, mai tsara jarrabawa, mai jan zaman nazarin darasi. Da wuya a sami makaranta mai ɗan girma da ba ta da irin waɗannan muƙamai. Abin da ya bambanta wata da wata shi ne ko muƙamin yana da aiki a bayansa, ko kuwa suna ne a takarda.

Tun farko ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai aikin tafiyar da makaranta, wato haɗa jadawalin darussa, tattara maki, lura da rajista, tsara masu sa ido a ɗakin jarrabawa, rabon littattafai. Akwai kuma aikin gyara koyarwa, inda malami zai taimaki ɗan'uwansa ya iya bayyana lissafin rabawa yadda yara za su gane, ko ya iya riƙe aji mai hayaniya ba tare da ya ɓata rabin darasi yana tsawa ba. Dukansu ana bukatarsu. Amma in aka ɗora su a kan mutum ɗaya ba tare da an raba musu lokaci ba, na farko ne zai cinye na biyu, kuma dalilin a fili yake. Aikin ofis yana da ranar miƙawa. In ba a kai maki ranar da aka sa ba, kowa zai sani. In ba a leƙa ajin sabon malami ba tsawon zango, ba wanda zai sani sai yaran da ke zaune a gabansa. Shi ya sa shugabannin sashe da yawa suke ƙarewa a masu tattara takardu, alhali don ƙwarewarsu a koyarwa aka zaɓe su.

Binciken da aka yi a kan wannan batu yana da abin faɗa, kuma ba duka ne mai daɗin ji ba. A 2004 Jennifer York-Barr da Karen Duke suka bi rubuce-rubucen shekara 20 a kan jagorancin malamai, suka tarar mafi yawansu bayanin yadda abin yake ne kawai, hujjar cewa ɗalibai sun ƙaru kuwa 'yar kaɗan ce. Wanda aka fi tabbatar da ya amfana shi ne malamin da aka ba jagorancin, domin shi ne saninsa da ƙwarewarsa suka faɗaɗa. Tambayar da wannan ya bari ita ce wane irin jagoranci ne yake isa ga yaro. Viviane Robinson ta Jami'ar Auckland da abokan aikinta, a 2008, sun auna fannoni biyar na shugabancin makaranta, suka ga wanda ya fi alaƙa da sakamakon ɗalibai shi ne shugabanni su tsaya a kan koyon malamai, su kuma zauna a koya tare da su. A 2018 Matthew Kraft da David Blazar da Dylan Hogan suka haɗa bincike 60 a kan horon da ake yi wa malami a cikin ajinsa, a kalle shi, a yi masa gyara, a sake dawowa. Sun ga yana gyara koyarwa sosai, yana kuma ɗaga makin ɗalibai, ko da yake abin da ke isa ga maki bai kai rabin abin da ake gani a koyarwar ba. Sun kuma ga da zarar shirin ya girma ya haɗa malamai masu yawa, tasirinsa yana raguwa.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da John Papay da abokan bincikensa suka yi a jihar Tennessee ta Amurka, wanda ya dace duk shugaban makaranta ya san shi. Malamin da aka ga yana da rauni a wani fanni guda, misali yin tambaya a aji, sai aka haɗa shi da abokin aikinsa na makaranta ɗaya da ya ƙware a wannan fannin, aka ce su yi aiki tare. Ba a naɗa kowa muƙami ba, ba a tura kowa kwas ba. Ɗaliban waɗannan malamai masu rauni sun fi takwarorinsu na makarantun da ba a yi haka ba maki. In aka haɗa waɗannan sakamako wuri ɗaya, abin da ke aiki ƙunƙuntaccen abu ne: mutum ɗaya, matsala ɗaya, a cikin aji, a kai a kai. Duk tsarin jagorancin malamai da bai samar da wannan ba ya rasa dalilin kafa shi.

Sa'o'in da za a sayi aikin da su

Mafi yawan waɗannan shirye-shirye a kan jadawali suke mutuwa. A ɗauki malami mai darasi 25 a mako, kowane darasi minti 40, aka ba shi malamai huɗu ya raina. Zagaye ɗaya ga mutum ɗaya yana cin darasi guda na kallo, rabin darasi na tsara abin da ya rubuta, da darasi guda na tattaunawa, wato biyu da rabi. Mutum huɗu sun zama darasi 10. In sau ɗaya a mako biyu za a zagaya, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da zai yi tasiri, to darasi 5 ke nan a kowane mako, kashi ɗaya cikin biyar na aikinsa. Makarantar da ta naɗa irin wannan jagora mutum biyar ta cire darasi 25 daga jadawali, wato aikin cikakken malami guda. Wannan shi ne ainihin kuɗin tsarin. Shugaban da bai yi wannan lissafin ba kafin ya raba muƙamai ya ci bashi ne, kuma jagororin ne za su biya da darensu da ƙarshen makonsu, har su gaji su bari.

A Ingila an sa irin wannan lokaci a cikin doka. Tun Satumban 2005 kowane malami yana da haƙƙin kashi 10 cikin 100 na lokacin koyarwarsa don shiri da duba aikin ɗalibai, kuma an ƙayyade cewa ba za a ba shi a gutsattsarin da bai kai minti 30 ba. Wannan ƙaramin sharaɗi yana da hikima, domin minti 10 nan da minti 10 can ba sa haɗuwa su zama lokacin tunani. Daga 2021 kuma rainon sabon malami ya koma shekara biyu, ana rage masa kashi 10 na darussa a shekarar farko da kashi 5 a ta biyu, a haɗa shi da mai raino. Duk da haka, ƙarancin lokacin masu rainon yana cikin manyan ƙorafe-ƙorafen da suka biyo bayan shirin. Birnin Shanghai na Sin ya bi wata hanyar. Malamai suna koyar da darussa kaɗan a mako, ajujuwa kuwa manya ne, lokacin da ya rage yana tafiya ga rukunin malaman fanni ɗaya da ke zama su tsara darasi su kalli juna. Da girman aji suka sayi lokacin. Kowa da abin da ya biya, amma ba wanda ya samu kyauta.

Rage darussa ma bai isa ba, sai an duba inda guraben suka faɗa. Lokacin da jagora ba shi da aji dole ya yi daidai da lokacin da wanda yake raino yake cikin aji, in ba haka ba ba zai taɓa ganinsa yana koyarwa ba. Tattaunawa kuma tana bukatar lokacin da su biyun ba su da aji, kuma ya zama cikin kwana biyu bayan kallon, kafin darasin ya dushe a zuciyar mai shi. Saboda haka mai haɗa jadawali da waɗannan gurabe zai fara, ya kafa su, sannan ya gina sauran a kewayensu. In aka bar su ƙarshe ba sa samun wuri. Bayan an kafa su, babban ɓarawonsu shi ne cike gurbin malamin da bai zo ba. Jagora ne ake gani ba shi da aji a wannan sa'ar, don haka shi ake turawa. Sau uku aka yi haka a wata, zagayen ya karye. Sai shugaba ya yanke tun farkon shekara cewa waɗannan sa'o'i darasi ne kamar kowane darasi, ba a taɓa su.

Inda babu halin ɗaukar ƙarin malami, akwai abin yi. A rage wa jagora ayyukan da ba na koyarwa ba, irin su tsaron taron safe da kwamitoci. A taƙaita kallo zuwa minti 15 ko 20, a kan ɓangaren darasin da ake aiki a kai kawai. A rage waɗanda yake raino daga huɗu zuwa biyu, a fara da sababbi. Muƙami biyu da ke aiki sun fi takwas da ke rubuce a allon ofis.

Mai taimako ne ko mai rahoto?

Tambayar farko da malami yake yi a zuciyarsa in abokin aikinsa ya shigo ajinsa da littafin rubutu ita ce ina abin da ya rubuta zai je. In yana zaton zai isa teburin shugaba ya shiga takardar ƙarin girma, to zai yi abin da duk mai hankali zai yi. Zai zaɓi darasin da ya fi iyawa, ya shirya yara, ya ɓoye ajin da ke ba shi wahala. Jagora zai kalli abu mai kyau, ya rubuta abu mai kyau, kuma babu abin da aka gyara. Taura biyu ba ta taunuwa: wanda zai yanke maka hukunci ba shi ne za ka nuna wa rauninka ba. Ƙa'idar rainon sababbin malamai a Ingila ta gane haka, shi ya sa ta raba mai raino da mai tantancewa, ta ce a ba mutum biyu daban muddin da hali.

Maganin wannan a rubuce yake, kuma shafi ɗaya ya isa. A faɗi abin da jagora zai kai wa shugaba: ranakun da aka yi kallo, ranakun da aka tattauna, da fannin da ake aiki a kai a dunƙule. A faɗi abin da ba zai kai ba: abin da ya rubuta a aji da abin da aka faɗa a zaman su biyu. A kuma faɗi abin da ba ya ɓoyuwa ko da an yi alkawarin sirri, wato duk abin da ya shafi lafiya da mutuncin yaro, da barin aji babu malami. A karanta wannan a gaban dukan malamai. Sannan nauyi ya koma kan shugaba, domin shi ne zai fi jin sha'awar karya ƙa'idar. Ranar da ya tsayar da jagora a baranda ya ce, gaya mini tsakani da Allah, wane yana iya aikin kuwa, kuma jagoran ya amsa, to daga ranar shirin ya zama leƙen asiri, kuma ɗakin malamai zai sani kafin mako ya ƙare.

Matsalar shugaban sashe ta ɗan bambanta, domin shi a makarantu da yawa yana da hannu a tantancewa. Abin da ke damunsa shi ne a ba shi nauyi a hana shi iko. Za a tambaye shi dalilin faɗuwar ɗalibai a fanninsa, amma ba shi ya raba wa malamai ajujuwa ba, ba a ji ta bakinsa wajen zaɓen littafi ba, ba shi da ko sisi da zai sayi kayan aiki ba tare da sa hannu uku ba. Takardar aikinsa ya kamata ta raba al'amura gida uku a sarari: abin da zai yanke shi kaɗai, abin da zai yanke bayan ya shawarci shugaba, da abin da shawara kawai zai bayar a kai. In ya yanke hukunci a cikin hurumin farko, wani malami ya zagaye shi ya je wurin shugaba, amsar da ta dace ita ce a mayar da malamin gare shi. Shugaban da ya warware hukuncin jagoransa a bayan idonsa sau ɗaya ya koya wa kowa hanyar zagayewa.

Yadda aka zaɓi mutum yana bin sa har ƙarshen wa'adinsa. Masanin zamantakewa Dan Lortie ya nuna tun 1975 cewa koyarwa sana'a ce da kowa yake yi shi kaɗai a bayan ƙofa, kuma ba ta da matakan hawa kamar sauran sana'o'i. Daga nan wasu ɗabi'u suka tsiro waɗanda Susan Moore Johnson da Morgaen Donaldson suka gano su ne ke takura wa malamai jagorori: kowa sarki ne a ajinsa, duk malamai daidai suke, kuma in za a fifita wani to wanda ya fi daɗewa ne. Malama mai shekara bakwai a aiki da aka sa ta duba koyarwar mai shekara 25 a aiki ta taka dukan ukun lokaci guda. In kuma naɗin a ɓoye aka yi shi, za a ce 'yar gaban goshin shugaba ce, kuma ba ta da abin kare kanta.

Daɗewa ba hujja ba ce, amma ƙwarewa a aji ma ba ta wadatar ba. Akwai gwanin malami da ba zai iya bayyana abin da yake yi ba, domin ya zame masa jiki, akwai kuma wanda ba ya jure ganin an yi abu ba yadda shi yake yi ba. Koyar da babba sana'a ce daban. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a sanar da gurbin ga kowa, a rubuta sharuɗɗa, a sa malami ɗaya ko biyu a cikin masu zaɓen, sannan a gwada ainihin aikin. Mai nema ya kalli darasi na minti 20, a ba shi minti 15 ya shirya, ya yi tattaunawar a gaban masu zaɓen. A nan za a ga wanda ke tambaya da wanda ke huɗuba, wanda ya riƙe abu ɗaya da wanda ya zazzage kurakurai 12. A sa wa'adi na shekara biyu ko uku mai sabuntuwa. Wa'adi yana ba wanda bai dace ba hanyar sauka da mutuncinsa, yana kuma nuna wa sauran cewa ƙofar ba ta rufe ba.

Abin da ake yi a cikin aji da bayan fita

Kafin kallo, su biyun su yarda a kan abin da za a duba. Jagora ya zauna a gefe inda zai ga fuskokin yara da littattafansu, kada ya sa baki a darasin ko ya ga kuskure, domin gyara malami a gaban ɗalibansa ɓarna ce da ke daɗewa ba ta gyaru ba. Abin da zai rubuta shi ne abin da ya faru, da lokacinsa. Ba a rubuta cewa aji bai natsu ba. Ana rubuta cewa daga shigowa zuwa fara aiki minti tara ne, ko cewa an yi tambaya 14, yara huɗu ne suka amsa 11 daga ciki, duk a layin gaba suke. Hukunci ana musu a kansa, ƙidaya kuwa mai ita ma yakan yi shiru ya duba.

Misali mai kyau shi ne jiran amsa. Mary Budd Rowe ta auna a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su koma ga wani yaro, kuma in aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suna tsawo, masu amsawa suna yawa. Irin wannan ne gyaran da ya dace a bayar: ƙarami, ana iya auna shi, ana iya fara shi gobe da safe. A zaman tattaunawa jagora ya fara da abu ɗaya da ya yi kyau, ya faɗe shi dalla-dalla don a san da gaske ne. Ya ajiye abin da ya ƙidaya, ya tambayi malamin me ya gani a ciki. Su tsayar da mataki ɗaya. Sannan, kuma wannan ne ake yawan tsallakewa don kunya, su gwada shi nan take a ɗakin: malamin ya miƙe ya yi tambayar, ya yi jiran, jagora ya zama ɗalibi. Abin da aka faɗa da baki kawai yakan ɓace da zarar yara 50 sun zuba wa mutum ido. A sa ranar dawowa, kuma in aka dawo wannan matakin za a duba, ba sabon abu ba. Jagora ya buɗe nasa ajin ga waɗanda yake raino tun makon farko, har da ajin da ke ba shi wahala. Babu abin da ke sauƙaƙa wa mutum yarda a kalle shi kamar ya fara yin kallon.

Taron sashe shi ma yana da cutarsa, wato ya zama wurin karanta sanarwa. Duk abin da za a iya aikawa a rubuce a aika shi, a bar sa'ar ga aikin yara. A kawo takardun amsa shida na jarrabawa ɗaya, biyu masu kyau, biyu matsakaita, biyu masu rauni, a rufe sunaye, kowa ya ba da maki shi kaɗai, sannan a kwatanta. Tazarar da ke fitowa tsakanin malaman da ke zaton ma'auninsu ɗaya takan ba su mamaki, kuma gardamar da za ta biyo baya ita ce ainihin horon. Ko a ɗauki gwajin da aka yi, a ƙirga yara nawa suka faɗi kowace tambaya, a ware uku mafi muni, a duba irin amsar da ba daidai ba da aka fi bayarwa. In yawancin yara kuskure iri ɗaya suka yi, to akwai wata gurguwar fahimta da za a iya ganowa a sake koyarwa.

Japan ta fi ƙarni tana yin irin wannan a tsare, a abin da ake kira nazarin darasi. Rukunin malamai su zaɓi abin da ke ba yara wahala, su shafe makonni suna tsara darasi guda, su yi hasashen amsoshin da yara za su bayar, ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya suna lura da yaran, sannan a zauna a tattauna. Zambiya ta karɓi tsarin daga 2005 da taimakon JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashen waje. Inda ake kwaikwayonsa ya lalace, dalilin kusan ɗaya ne: idanu sun koma kan malamin. Sai darasin ya zama nuni, tattaunawar ta zama yabo ko suka. Aikin mai jan zaman shi ne ya raba wa kowane mai kallo yara biyu ko uku da zai bi daga farko zuwa ƙarshe, kuma ya hana duk maganar da ba ta fara da abin da wani yaro ya faɗa ko ya rubuta ba. Darasin na rukuni ne, don haka in ya gaza, rukuni ne ya gaza.

Batun lada ba ya bukatar dogon bayani. Aikin da aka ƙara ya cancanci alawus, kuma Ingila tana da kuɗi na musamman da ake ƙara wa malamin da ya ɗauki nauyin koyarwa da koyo fiye da na ajinsa. Jihar Iowa ta Amurka ta yi doka a 2013 da nufin kashi ɗaya cikin huɗu na malamanta su riƙe irin waɗannan muƙamai da ƙarin albashi. Amma in dole a zaɓi ɗaya, lokaci ya fi alawus, domin kuɗi ba ya ƙara wa mako sa'o'i. Abin da ya fi zurfi shi ne hanyar hawa. Inda ci gaba ɗaya tilo shi ne zama mataimakin shugaba, ana saka wa gwanin malami ne da raba shi da allo. Singafo ta raba hanya uku: ta koyarwa, ta shugabanci, da ta ƙwararru a fanni kamar manhaja da jarrabawa. Mai bin hanyar koyarwa yana hawa mataki-mataki har ya kai babban gwanin malamai, girmansa da albashinsa suna ƙaruwa, aikinsa yana nan a kan koyarwa. Ko a makaranta ɗaya ana iya riƙe ruhin wannan: kada jagora ya sauka ƙasa da rabin darussan malami. Wanda ya bar aji shekara biyu shawararsa takan fara rasa nauyi a kunnen masu aji.

Wajen auna ko tsarin yana aiki, kuskure ne a jira sakamakon babbar jarrabawa a shekarar farko, domin abubuwa da yawa ne ke motsa shi, kuma gyaran koyarwa yana ɗaukar lokaci kafin ya bayyana a maki. A ƙarshen kowane zango a duba abubuwan da ke kusa. Zagaye nawa aka tsara, nawa aka yi, kuma waɗanda ba a yi ba me ya cinye su? In aka tambayi malami matakin da yake aiki a kai yanzu, zai iya faɗa a jimla ɗaya? Akwai wanda ya nemi a zo a kalle shi da kansa, ba tare da an sa shi ba? Sababbin malaman bara suna nan? A kuma ba waɗanda ake raino takarda marar suna su faɗi ko zaman yana amfanarsu. Su ma jagororin suna bukatar mai duba su, don haka shugaba ko mataimakinsa ya zauna da su sau ɗaya a wata, wani lokacin ya halarci tattaunawarsu da izinin malamin, ya yi musu irin gyaran da suke yi wa wasu.

Saura batun ranar da jagora zai tafi, ko canjin wurin aiki ko ƙarewar wa'adi. Tsare-tsaren darussa, bankin tambayoyi, samfurin takardun da aka daidaita maki a kansu da bayanan taron sashe su kasance a wuri ɗaya mallakar makaranta, ba a wayar mutum ko jakarsa ba. A shekararsa ta ƙarshe a haɗa shi da wanda zai iya gadarsa, ya ja taro ɗaya cikin uku, ya yi kallo tare da shi sau biyu ko uku a zango, su kwatanta abin da kowa ya rubuta. Bayanan sirri na zaman mutum biyu kuwa ba sa cikin abin da ake miƙawa. Na malamin da aka raina ne, shi zai yanke ko sabon jagora zai gan su.